Alhinin Rashi: Wa Ke Buƙatar Ƙwararre, Wa Ke Buƙatar Mai Zama Kusa Da Shi?

Mutuwa tana tara jama'a, amma ba ta riƙe su. A kwanakin farko gida cike yake, waya ba ta hutawa, kowa na neman abin da zai yi wa waɗanda aka yi wa rashi. Bayan 'yan makonni sai kowa ya kama gabansa, kuma ba laifin kowa ba ne. A nan ne wanda aka yi wa mutuwar yake fara gane girman abin da ya same shi. Zai ji wani labari ya ce bari in gaya wa wane, sannan ya tuna. Zai ga lambar mamacin a wayarsa ya kasa gogewa, ya kuma kasa kallo. Lokacin da masu taya shi suka fi yawa bai gama dawowa hayyacinsa ba, lokacin da ya fi buƙatarsu kuwa sun watse.

Wannan giɓin ne ya haifar da aikin da a yau ake kira ba da shawara da tallafi ga masu alhini. A 1959 wata mata mai suna Margaret Torrie ta kafa ƙungiyar Cruse a Ingila domin matan da mazajensu suka rasu, daga baya ƙungiyar ta buɗe ƙofarta ga duk wanda aka yi wa rashi. A 1967 Cicely Saunders ta buɗe asibitin St Christopher's a Landan domin masu jinyar ajali, bisa ra'ayin cewa kulawa ba ta ƙarewa da fitar ran majinyaci, iyalinsa ma suna cikin lissafi. Shekara 2 bayan haka wasu iyaye da suka rasa 'ya'yansu suka haɗu a birnin Coventry suka kafa ƙungiyar Compassionate Friends. Abin da ya fara da aikin sa-kai ya zama sana'a mai makarantu da takardun shaida.

To, shin yana amfani? Amsar da bincike ya bayar ba ta yi wa kowane ɓangare daɗi ba. Ba ta goyi bayan masu cewa duk wanda aka yi wa mutuwa ya kamata ya ga ƙwararre ba, ba ta kuma goyi bayan masu cewa lokaci da haƙuri sun ishi kowa ba. Mafi yawan mutane suna jure rashi da taimakon na kusa da su. Wasu kaɗan kuwa suna maƙalewa, shekaru su yi ta wucewa suna nan inda mutuwar ta bar su, kuma waɗannan akwai hanyar da aka tabbatar tana fitar da su. A ganina duk wahalar aikin tana wurin bambance waɗannan da waɗancan, kuma a nan ake tafka kuskure ta fuska biyu.

An daɗe ana ƙoƙarin zana wa alhini hanya guda. A 1917 Sigmund Freud, masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Austriya, ya kawo ra'ayin cewa makoki aiki ne da zuciya take yi na zare kanta daga mamaci kaɗan-kaɗan, har ta sami 'yancin son wani. A watan Nuwamban 1942 gobara ta tashi a gidan rawa na Cocoanut Grove a birnin Boston na Amurka, mutum 492 suka mutu. Likitan ƙwaƙwalwa Erich Lindemann ya zauna da wasu daga cikin dangin mamatan da ma wasu masu rashi, a 1944 ya bayyana abin da ya gani: baƙin ciki yana zuwa ne ya tafi ya sake dawowa, kowane zuwa yana ɗaukar minti 20 zuwa awa guda, da shaƙewar maƙogwaro, da yawan ajiyar zuciya, da jin cikin mutum wayam, da mutuwar jiki. Duk wanda ya taɓa rasa nasa zai shaida wannan bayani. Inda Lindemann ya yi gaggawa shi ne zaton da ya yi cewa makonni 4 zuwa 6 na tattaunawa sun isa a daidaita alhini na yau da kullum.

Amma babu ra'ayin da ya bazu a duniya kamar matakai biyar na Elisabeth Kübler-Ross, likita 'yar asalin Suwizalan da ta yi aiki a Shikago. A 1969 ta ce mutum yakan fara da ƙin yarda, sai fushi, sai neman sassauci, sai damuwa mai tsanani, sannan ya rungumi abin da ya faru. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ba daga masu makoki ta samo wannan ba. Hira ta yi da majinyatan da aka shaida wa cewa ciwonsu ba na tashi ba ne, wato masu fuskantar tasu mutuwar. Daga baya aka ɗauki matakan aka ɗora wa waɗanda aka mutu aka bari, har suka zama abin hadda a makarantun koyon jinya da shirye-shiryen talabijin. Ita kanta ta bayyana daga baya cewa ba ta nufin kowa sai ya bi su a jere. Ta yi wa duniya babban aiki da ta sa likitoci suka fara sauraron masu jinyar ajali, wannan ba a ƙwace mata shi. Sai dai matakan sun yi ɓarnar da ba ta nufa ba. Matar da ba ta ji fushi ba sai ta fara tunanin ko ba ta son mijinta ne. Wanda ya sami sauƙi a wata na uku, ya sake rushewa a wata na takwas, sai ya ɗauka ya koma baya. An ba mutane ma'aunin da za su riƙa gwada kansu da shi suna ganin gazawarsu, alhali ma'aunin ne bai yi daidai ba.

Da masu bincike na Jami'ar Yale suka gwada matakan a 2007 a kan mutum 233 da aka yi wa rashi, sai suka ga yawancinsu sun yarda da mutuwar tun daga farko. Abin da ya fi cin su ba fushi ba ne, ba kuma ƙin yarda ba. Kewa ce. Wannan ya yi daidai da abin da likitocin ƙwaƙwalwa John Bowlby da Colin Murray Parkes suka daɗe suna faɗa a Ingila, cewa alhini ɗan shaƙuwa ne, zuciya ce take ci gaba da neman wanda ta saba da shi ko da hankali ya san ba ya nan. Masu iya magana sun riga su: sabo ake yi wa kuka.

Binciken da ya fi girgiza masu wannan sana'a shi ne na George Bonanno na Jami'ar Kolumbiya da abokan aikinsa a 2002. Abin da ya bambanta shi da na baya shi ne an san halin mutanen tun kafin a yi musu rashi, domin dattawa ne ma'aurata da aka daɗe ana bibiyar rayuwarsu. Cikin mutum 205 da suka rasa miji ko mata, kashi 46 cikin 100 ba su faɗa damuwa mai tsanani ba, ba a wata na 6 ba, ba a wata na 18 ba. Sun yi kuka, sun yi kewa, amma sun ci gaba da tafiyar da rayuwarsu. Kafin wannan lokaci, irin waɗannan mutane zarginsu ake yi da danne abu a zuci, ana cewa wata rana zai fashe musu. Binciken bai sami hujja mai ƙarfi a kan wannan fashewar da ake jira ba, kuma bai nuna aurensu ya gaza na sauran armashi ba. Ke nan wanda ya koma aikinsa da wuri, ko aka ji dariyarsa bayan sati biyu, bai ci amanar mamaci ba.

A 2008 kuma Joseph Currier da Robert Neimeyer da Jeffrey Berman suka tattara bincike 61 da aka yi a kan taimakon ƙwararru ga masu alhini. Inda aka bi kowa da kowa da shawara don kawai an yi masa rashi, amfanin kaɗan ne, kuma bayan 'yan watanni ba a ganin bambanci tsakanin wanda aka taimaka wa da wanda aka ƙyale. Dalilin a bayyane yake: waɗanda aka ƙyale ɗin ma suna samun sauƙi da kansu. Inda aka zaɓo waɗanda alhini ya fi ƙarfinsu kuwa, amfanin ya fito fili. Haka nan al'adar nan ta tara mutane kwana ɗaya ko biyu bayan wani bala'i a sa kowa ya ba da labarin abin da ya gani dalla-dalla a zama guda, bincike ya nuna ba ta hana ciwon firgici, wato firgicin da kan maƙale wa mutum bayan ya ga bala'i, a wasu lokutan ma ƙara shi take yi. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta bar ta, a 2011 ta fitar da jagorar agajin farko na zuciya, wadda ba ta tilasta wa kowa magana: a duba lafiyar mutum da tsaronsa, a saurare shi idan yana son magana, a haɗa shi da danginsa da abin da yake buƙata.

Alhini kamar rauni ne a jiki. Yawancin raunuka suna warkewa da kansu idan an tsabtace su an bar su, yawan tono ma fama su yake yi, kuma ko sun warke tabo yana nan. Amma akwai raunin da yake ruruwa, shi kam barinsa ganganci ne.

Wanda nasa ya ruru, yaya ake gane shi? Ba da yawan kukansa ba. Ana gane shi da tsayuwar lokaci a wurinsa. Shekara ta zagayo amma kullum kamar jiya aka yi mutuwar. Kewar mamaci ta cika masa wuni, ba ta bar gurbin komai ba. Wani ya kasa shiga ɗakin mamacin ko bin titin asibitin da ya cika, wani kuma akasin haka, ya kasa fita daga ɗakin, ya hana a taɓa ko da tsinke. Da yawansu suna yawo da tuhumar kai: da na kai shi asibiti da wuri, da ban bar ta ta hau motar nan ba. Sukan ce wani ɓangare nasu ya mutu tare da shi, ko su ce ba su ga amfanin zamansu a duniya ba. Aiki ya tsaya, zumunci ya yanke, 'ya'yan da suka rage sun zama kamar marayu sau biyu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan hali cikin kundin cututtukanta da ya fara aiki a Janairun 2022, da sunan da za a iya fassarawa da ciwon alhini mai tsawo, bisa sharaɗin a ƙalla wata 6 sun wuce, kuma abin ya zarce yadda al'ummar mutumin da addininsa suka saba gani. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta bi sahu a Maris na shekarar, sai dai ita ta ce sai an cika wata 12 ga manya, wata 6 ga yara. Wani nazari na 2017 da ya haɗa bincike daban-daban ya ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 10 na manyan da aka yi wa rashi suna faɗawa wannan hali. Idan mutuwar ta kisa ce, ko haɗari, ko bala'i, ko kashe kai, adadin yana ninkuwa sosai. Rashin ɗa, da rashin abokin zama da aka dogara da shi kacokan, da mutuwar da ba a sami gawa ba, da rashi a kan rashi, duk suna ƙara nauyin.

Wannan mataki ya jawo gardama, kuma masu sukar ba su rasa hujja ba. Suna cewa wa ya isa ya gaya wa uwar da ta binne ɗanta cewa daga wata kaza baƙin cikinta ya zama cuta? Suna kuma tsoron a mayar da ƙauna abin rubuta wa magani. Na fahimci wannan tsoro, kuma gaskiya ne cewa babu wani abu da yake canzawa a zuciya ranar da wata 6 ko 12 suka cika. Iyaka ce da mutane suka shata domin sauƙin aiki. Amma na fi karkata ga ɗaya ɓangaren. Kafin a ba abin suna, waɗannan bayin Allah ana ce musu ko dai su ƙara haƙuri, ko kuma a ba su maganin ciwon damuwa, su sha su koma gida kewar tana nan daram. Ciwon damuwa da ciwon alhini suna iya haɗuwa a jikin mutum guda, amma ba abu ɗaya ba ne. Mai ciwon damuwa duniya ce gaba ɗaya ta yi masa baƙi, har kansa ya tsana. Mai ciwon alhini kuwa zafinsa yana da alƙibla, mutum ɗaya yake nema.

Katherine Shear, likitar ƙwaƙwalwa a Amurka, ita ce ta nuna cewa wannan bambanci yana da tasiri a wurin magani. Ta tsara wata hanya ta zama 16 musamman domin masu irin wannan alhini. A gwajin da aka wallafa a 2005, kashi 51 cikin 100 na waɗanda suka bi hanyar sun sami sauƙi a bayyane, alhali kashi 28 ne suka samu a cikin waɗanda aka yi wa tattaunawar da aka saba yi wa masu ciwon damuwa. A wani gwajin na 2016 an ga cewa ƙara ƙwayar maganin damuwa a kan wannan hanya yana rage alamun damuwar, amma bai ƙara komai ba wajen alhinin kansa. Magungunan sa barci da kwantar da hankali irin su diazepam kuwa, tun a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a riƙa ba masu alhini su domin alhinin. Suna sa maye na ɗan lokaci, jiki kuma yana saurin sabawa da su.

Me ake yi a cikin waɗannan zama? Ba nasiha ba ce. Mai ba da shawarar yakan sa mutum ya rufe ido ya ba da labarin ranar mutuwar kamar yanzu take faruwa, a naɗi muryarsa, ya je gida ya riƙa saurare. Da jin wannan za a ce ai mugunta ce, kuma zama na farko yana da zafi ƙwarai. Hikimar ita ce, abin da mutum ya shekara yana gudu ba ya raguwa, ƙaruwa yake yi. Idan ya fuskance shi sau da dama a wuri mai aminci, tare da wanda ba zai firgita ba, sai labarin ya zama abin da za a iya ɗauka a kuma ajiye. Wannan ya bambanta da waccan hanya ta tilasta wa kowa magana washegarin bala'i, domin a nan an zaɓi wanda ya maƙale, da yardarsa, bayan watanni, kuma ana tafiya da shi mataki-mataki. Ana kuma jera wurare da abubuwan da yake ƙauracewa, a fara da mai sauƙi. Akwai zaman da ake sa shi ya yi magana kamar mamacin yana jinsa, ya faɗi abin da bai sami faɗa ba, ya nemi gafara ko ya yafe. Kuma tun daga farko ana tambayarsa wata tambaya da mutane da yawa suke jin nauyinta: in da a ce zafin nan ya sauka, me kake so ka yi da sauran rayuwarka? Rabin aikin yana kallon baya, rabi yana kallon gaba.

Wannan rabon ba haka kawai aka yi shi ba. A 1999 Margaret Stroebe da Henk Schut na Jami'ar Utrecht a ƙasar Holan suka bayyana cewa mai alhini lafiyayye yana kai-komo ne tsakanin abu biyu. Wani lokaci yana fuskantar rashin, ya yi kuka, ya duba hotuna. Wani lokaci yana fuskantar sabuwar rayuwar da rashin ya jefa shi ciki: kuɗin makarantar yara, takardun gado, koyon abin da marigayin ne yake yi a da. Hutawa daga baƙin ciki ba gudu ba ne, wani ɓangare ne na warkewa. Matsala tana zuwa ne idan mutum ya kafe a gefe ɗaya. Schut da abokansa sun taɓa gwada wannan a kan maza da matan da suka rasa abokan zamansu, sai suka ga mazan sun fi amfana da zaman da ya taimaka musu su furta abin da ke ransu, matan kuma sun fi amfana da wanda ya taimaka musu su warware matsalolin yau da kullum. Kowanne ya fi buƙatar ɓangaren da bai saba zuwa ba.

Batun zare zuciya daga mamaci ma an sake duba shi. A 1996 Dennis Klass da Phyllis Silverman da Steven Nickman suka tattara hujjojin cewa yawancin mutane ba sa yanke alaƙa da wanda ya rasu, sauya mata kama suke yi: suna yi masa addu'a, suna tambayar kansu me zai ce a kan kaza, suna ci gaba da wani alheri da ya fara. Shi kansa Freud rayuwa ta koya masa abin da ra'ayinsa bai hango ba. 'Yarsa Sophie ta rasu a annobar mura a 1920, kuma a 1929 ya rubuta wa abokinsa Ludwig Binswanger cewa zafin yana lafawa amma ba a samun madadi, kuma haka ya kamata ya kasance. Saboda haka duk mai ba da shawarar da ya ce wa mutum ya manta, bai san aikinsa ba.

Jiki ma yana karɓar rabonsa. A 1969 Parkes ya bibiyi maza 4,486 masu shekara 55 zuwa sama da matansu suka rasu, ya ga mace-macensu a wata 6 na farko ya haura na tsararrakinsu masu mata da kashi 40 cikin 100, galibi ta ciwon zuciya. Dattijon da aka yi wa rashi yana buƙatar mai lura da cin abincinsa da barcinsa da maganin hawan jininsa, kuma idan ya ce ƙirjinsa yana ciwo, asibiti za a nufa, kada a ce ai baƙin ciki ne kawai.

Akwai kuma masu alhinin da ba a ma ƙirga su cikin masu rashi, abin da Kenneth Doka ya jawo hankali a kai a 1989. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2020 cewa kusan jarirai miliyan 2 ake haifa babu rai kowace shekara. Uwar kowannensu ta ɗauki ciki wata da watanni, ta ji motsi, wataƙila ta zaɓi suna, amma abin da ta fi ji daga bakin mutane shi ne za ki sami wani. Mai ɓari ko wannan ba ta cika samu ba, uban kuwa ba a ma tuna shi. Mutum sama da 700,000 ne suke kashe kansu duk shekara a duniya, kuma iyalansu suna haɗa baƙin ciki da kunya da tambayar da ba ta da amsa, mutane kuma suna kauce musu don ba su san abin da za su ce ba. Sai waɗanda nasu ya ɓata a yaƙi, ko a teku, ko a hannun masu garkuwa. Mai bincike Pauline Boss ta Amurka ta yi shekaru tana aiki da irin waɗannan iyalai, kuma abin da ta koyar shi ne kada a tilasta musu su yanke hukuncin ya mutu ko yana raye. A taimake su su iya zama da rashin sanin. Waɗannan rukunai su suka fi cancantar a je a neme su, domin da wuya su kawo kansu.

Yara na da nasu hukuncin. Annobar korona kaɗai, bisa ƙiyasin da aka wallafa a 2022, ta raba yara kimanin miliyan 10.5 da uwa ko uba ko mai riƙonsu. Manya sukan ɓoye wa yaro gaskiya don tausayi, su ce baba ya yi tafiya, ko mama tana barci. Yaron da aka ce masa tafiya aka yi zai yi ta jira a bakin ƙofa, wanda aka ce masa barci ne kuma zai iya tsoron kwanciya. Kafin shekara 5 zuwa 7 yawancin yara ba su gama gane cewa mutuwa ba a dawowa daga ita ba, don haka za su yi ta maimaita tambaya, kuma a riƙa ba su amsa ɗaya, gajera, ta gaskiya. Sau da yawa yaro yana zaton wani laifinsa ne ya jawo, sai an gaya masa ƙarara cewa ba shi ba ne. Alhininsa kan fito ta fitsarin kwance, ko faɗa, ko faɗuwa a makaranta. Shirin da Irwin Sandler ya jagoranta a Jami'ar Jihar Arizona, mai zama 12, ya nuna cewa hanya mafi ƙarfi ta taimakon maraya ita ce a tallafi wanda ya rage yana riƙonsa, ya samu ya tsaya da ƙafarsa, ya ci gaba da sauraron yaron da kula da tarbiyyarsa.

Sai dai fa ƙwararrun ba su da yawa. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 sun nuna cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa ba su kai 2 ba ga kowane mutum 100,000, a ƙasashe masu arziki kuwa sun haura 60. Jiran a sami likita ga kowane mai alhini jiran gawon shanu ne. Abin ƙarfafa gwiwa shi ne an ga mutane na gari waɗanda ba likitoci ba suna iya koyon wani ɓangare na aikin. A birnin Harare na Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa a zama 6. A gwajin da aka wallafa a 2016, bayan wata 6 kimanin kashi 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna da su ne suka rage da alamun ciwon damuwa, a cikin waɗanda ba su zauna da su ba kuwa kusan rabi. Ba domin alhini aka tsara shirin ba, amma ya nuna abin da horo kaɗan da sa ido na ƙwararre za su iya yi. Idan haka ne, ƙwararrun kaɗan ɗin nan a tanade su domin wancan 1 cikin 10, sauran kuma a koya wa malaman addini da ma'aikatan jinya da malaman makaranta yadda ake saurare da yadda ake gane wanda ya maƙale.

Mu kuma da ba mu da horon komai, an taɓa tambayar masu rashi kai tsaye abin da ya amfane su daga irinmu. A wani bincike na 1986 a Amurka a kan waɗanda suka rasa ɗa ko abokin zama a haɗarin mota, sun ce abin da ya fi taimaka musu shi ne a kasance tare da su, a bar su su faɗi abin da ke ransu, su kuma haɗu da wanda ya taɓa shiga irin halinsu. Abin da ya fi ɓata musu rai kuwa shi ne yawan ba da shawara, da gaggauta musu warkewa, da ƙanƙanta rashin. Na san abin da kike ji, ai ya huta, gara ke kina da wasu 'ya'yan: duk da kyakkyawar niyya ake faɗarsu, amma sau da yawa mai faɗar ne yake neman sauƙin kansa daga nauyin shirun.

Ko kiran mutum zuwa ga haƙuri, wanda alheri ne, yakan zama hanyar rufe masa baki idan aka yi shi duk lokacin da ya buɗe baki zai ambaci mamacinsa. Haƙuri bai hana hawaye ba. Ya tabbata cewa Annabi Muhammadu (SAW) ya zubar da hawaye lokacin rasuwar ɗansa Ibrahim, ya kuma bayyana cewa ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, harshe dai ba ya faɗin sai abin da Ubangiji ya yarda da shi. Wanda ya kasa fita daga alhini bayan shekara ba raunin imani ne ya same shi ba, kuma ɗora masa wannan tuhuma ƙara masa kaya ne a kan wanda ya riga ya danne shi. Gara a ambaci sunan mamacin a gabansa ba tare da tsoro ba, a ba shi wani labarin alherinsa da bai sani ba. Gara a ce gobe zan zo in kai yaran makaranta, da a ce in kana buƙatar wani abu ka kira ni, domin ba zai kira ba. A riƙe ranar da mutuwar za ta cika shekara, a neme shi a ranar.

Akwai alamun da ba a jira wata 6 a kansu. Idan mai rashi ya daina ci da sha, ko ya kwana da kwanaki ba barci, ko ya koma shan ƙwaya ko giya don ya manta, ko ya kasa kula da ƙananan yaran da ke hannunsa, a kai shi ga likita. Jin muryar mamaci ko ganin giftawarsa na ɗan lokaci abu ne da yake faruwa ga mutane da yawa, ba hauka ba ne; amma idan hankali ya fara gushewa da gaske, wannan wani abu ne daban. Idan kuma ya fara cewa gara ya bi shi, ko ya fara raba kayansa yana sallama da mutane, a tambaye shi kai tsaye, cikin natsuwa, ko yana tunanin kashe kansa. Bincike ya nuna cewa tambayar ba ta dasa tunanin a zuciyar wanda ba shi da shi, wanda yake da shi kuwa sau da yawa sauƙi yake ji an ba shi damar furtawa. Idan ya amsa da e, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da magunguna da guba da makami daga inda yake, a kai shi asibiti a ranar.